Oba-oba ɗaya, iyayen gida 12: yadda garuruwan yankin Seattle suka raba kuɗi da iko a kan rediyon agaji

Idan gobara ta tashi ko mota ta kife, abin da mutum ya sani shi ne lambar da zai kira: 17 ko 18 a Nijar, 117 ko 118 a Kamaru, 112 a Najeriya, 911 a Amurka. Sai dai wannan kiran rabin aikin ne. Da zarar mai kira ya ajiye waya, magana takan koma kan wata hanyar da jama'a ba sa ji, wato rediyon oba-oba da ke haɗa ɗakin karɓar kira da ƴan sanda, ƴan kwana-kwana da masu motar asibiti. Kafa irin wannan hanya yana cin kuɗi masu yawa, kuma da wuya a sami gari guda da zai ɗauki nauyinta shi kaɗai. Daga nan ne tambayoyi biyu ke tasowa a duk inda aka yi tarayya a kanta: wa zai biya, kuma wa zai yi iko?

Gundumar King da ke jihar Washington, a arewa maso yammacin Amurka, ta shafe fiye da shekara 30 tana fama da waɗannan tambayoyi. Amsar da ta samo ita ce hanyar sadarwar da ake kira PSERN, wadda gundumar da birane 11 suka haɗu suka kafa.

Me ya sa ba za a yi da wayar salula ba?

Wayar salula ta mutum biyu ce, kuma sai an jira ta yi ƙara an ɗauka. Oba-oba kuwa danna maɓalli ne kawai, cikin ƙasa da daƙiƙa guda duk ƴan ayarin sun ji. Ga ɗan kwana-kwana da ke cikin hayaƙi da safar hannu mai kauri, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Sannan a ranar babban bala'i, lokacin da kowa ke neman jin lafiyar ɗan'uwansa, layukan kamfanonin waya kan cushe. Yankin Seattle na cikin wuraren da ake girgizar ƙasa, kuma mutanensa ba su manta da ta watan Fabrairun 2001 ba, mai ƙarfin maki 6.8. Don haka ake gina turakun rediyon agaji da injin wutarsu da baturansu, yadda ko wutar gari ta ɗauke za su ci gaba da aiki.

Tsohon tsari shi ne kowace hukuma ta riƙe zangonta: ƴan sandan wannan gari da nasu, ƴan kwana-kwanan wancan gari da nasu. Illar hakan ta fito fili a New York ranar 11 ga Satumban 2001. Ƴan sandan da ke cikin jirgi mai saukar ungulu sun ga yadda benen ke lalacewa, sun kuma faɗa a rediyonsu, amma ƴan kwana-kwanan da ke ciki suna kan wani rediyon dabam, saƙon bai kai gare su ba. Mutum 343 daga cikinsu suka mutu a ranar. Tun kafin wannan, a 1989, aka fara tsara wata ƙa'ida mai suna P25 domin na'urorin kamfanoni daban-daban su iya magana da juna, kuma a kanta aka gina PSERN.

A tsarin zamani ana zuba duk zangunan a tukunya ɗaya, kwamfuta ce ke rabawa. Jami'i na danna maɓalli, sai ta ba shi zangon da babu kowa a kai, yana gama magana ta karɓe ta miƙa wa wani. Ana kasa ma'aikata rukuni-rukuni, kowane rukuni na jin nasa kaɗai, amma idan aiki ya haɗa hukumomi da dama sai a tura su rukuni guda. Idan kuma layi ya cika, kwamfutar ta san wanda za ta fara bai wa hanya: ɗan sandan da ya danna maɓallin neman ɗauki yana gaban direban motar makaranta. Abin lura a nan shi ne, wannan jerin fifiko mutane ne ke zama su tsara shi. Ke nan tun daga cikin na'urar, maganar iko ta riga ta shigo.

Hanya ɗaya mai masu huɗu

Gundumar King na da mutum wajen miliyan 2 da dubu 270 a ƙidayar 2020, da birane 39, kuma ta miƙe daga bakin teku har cikin duwatsun Cascade masu dusar ƙanƙara. A 1992 masu zaɓe suka amince da harajin gina hanyar rediyo ta bai ɗaya, aka kammala ta a 1997. A idon mai amfani da ita hanya ɗaya ce, amma a takarda masu ita huɗu ne. Akwai birnin Seattle, akwai gwamnatin gundumar, akwai ƙungiyar EPSCA ta biranen gabashin yankin, wato Bellevue, Issaquah, Kirkland, Mercer Island da Redmond, sai kuma Valley Com ta biranen kudu, wato Auburn, Federal Way, Kent, Renton da Tukwila.

Kowanne cikin huɗun yana kula da turakunsa, yana da masu gyaransa, yana kuma yanka wa hukumomin da ke ƙarƙashinsa kuɗin da za su biya. Hukumomi biyu masu maƙwabtaka na iya riƙe oba-oba iri ɗaya a kan hanya ɗaya, amma kuɗinsu na wata ya bambanta, don kawai iyayen gidansu sun bambanta. An zauna haka shekara da shekaru ba tare da babbar ɓaraka ba, har zuwa lokacin da kamfanin Motorola, wanda ya ƙera kayan, ya sanar cewa zai daina tallafa wa tsohon samfurin a ƙarshen 2018. Kayan gyara za su yi wuyar samu, ga jama'a sun ƙaru, an yi sabbin unguwanni a wuraren da tsoffin turakun ba sa kaiwa da kyau. Babu ɗaya cikin huɗun da zai iya sabunta ɓangarensa shi kaɗai ya bar sauran, domin uwar na'urar guda ce.

Santi bakwai a kan kowace dala dubu

A jihar Washington doka ta hana ƙananan hukumomi ƙara jimillar harajin gidaje da filaye da fiye da kashi 1 cikin 100 a shekara, sai fa idan masu zaɓe sun ba da izini. Saboda haka majalisar gundumar ta kai maganar gaban jama'a. Ranar 28 ga Afrilun 2015 aka kaɗa ƙuri'a, kusan kashi biyu cikin uku suka amince da ƙarin haraji na tsawon shekara tara, wanda ya fara da santi 7 a kan kowace dalar Amurka 1,000 ta darajar gida ko fili. An ƙiyasta zai tara kimanin dalar Amurka miliyan 273.

Mai gidan da aka yi wa kuɗi dala dubu 400, alal misali, zai biya dala 28 a shekarar farko, abin da bai kai jaka 20 na sefa ba. Ga mazaunin yankin wannan kuɗin abincin rana ne na mutum biyu, kuma da haka aka sayar wa jama'a da shirin.

Zaɓin haraji guda na gunduma baki ɗaya ya kawar da wata doguwar jayayya tun kafin ta taso. Da an ce kowane gari ya kawo kasonsa, da sai an fara da tambayar ma'auni: yawan jama'a ne, ko faɗin ƙasa, ko yawan oba-oba? Seattle na da cunkoson mutane a ɗan ƙaramin fili, turaku kaɗan sun ishe ta. Ƙauyukan gindin dutse kuwa mutanensu kaɗan ne, amma kai musu sadarwa yana buƙatar turaku a kan tsaunuka, inda kai siminti da ƙarfe ma aiki ne. Duk ma'aunin da aka ɗauka, wani zai ce an cuce shi. Da harajin kadara, mai gida mai tsada a Bellevue ya biya fiye da mai ƙaramin gida a ƙauye, kuma duk wanda motarsa ta lalace a kan hanyar tsauni cikin hunturu ya ci moriya, ko daga ina ya fito. An ma sa cikin sharuɗɗan aikin cewa sadarwa ta bi manyan hanyoyi uku da ke ratsa duwatsun.

Harajin da ya so ya ci wanda aka yi dominsa

Akwai wani ƙulli a dokar jihar da ba kowa ya lura da shi ba. Ban da waccan iyaka ta kashi 1, akwai wata da ta ce harajin da gunduma, birni da sauran hukumomin yanki ke ɗora wa kadara guda, idan aka tara shi, kada ya wuce dala 5 da santi 90 a kan kowace dala 1,000. Idan jimillar ta haura, ba a rage wa kowa daidai wa daida. Gunduma da birane manya ne a idon doka, nasu yana nan. Waɗanda ake zaftare wa su ne ƙananan hukumomi masu cin gashin kansu, irin na wuraren shaƙatawa, ɗakunan karatu, asibitoci da na kashe gobara.

A wajen manyan birane, aikin kashe gobara yana hannun irin waɗannan ƙananan hukumomi ne, masu zaɓaɓɓun shugabanni da harajin kansu. To idan gunduma ta ƙara santi 7, a unguwar da dama jimillar ta kusa kai iyaka, wani ne zai matsa, kuma mai yiwuwa hukumar kashe gobarar ce. Wato harajin da aka ƙirƙiro don saya wa ɗan kwana-kwana sabon oba-oba zai iya rage kuɗin albashinsa. Shugabannin waɗannan hukumomi sun ɗaga murya, kuma suna da gaskiya. Abin da aka yi shi ne, aka rubuta cikin dokar harajin cewa za a iya ware har dala miliyan 1 a kowace shekara don cike wa hukumomin kashe gobara abin da suka rasa ta wannan hanya. Idan aka auna da miliyan 273 kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma da wuya ƙuri'ar ta yi armashi da a ce ƴan kwana-kwana sun fito suna sukar ta.

Kujeru huɗu, kowace da ikon cewa a'a

Gina hanyar an damƙa shi ga gwamnatin gundumar, ita ce ta sa hannu da Motorola, ita ce ta nemo filayen turaku, a ƙarƙashin sa idon wani kwamitin haɗin gwiwa. Amma tun farko biranen sun ƙi yarda gundumar ta zama mai hanyar bayan an gama. Su ma ba a bar su sun koma ga tsohon rabo na gida huɗu ba. Sai ɓangarorin 12 suka yi amfani da dokar jihar da ta ba ƙananan hukumomi damar ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu, suka kafa wata sabuwar hukuma wadda ba ta neman riba. Ita ce mai turakun, ita ke ɗaukar ma'aikata, ita ke gyara, ita ke yanka farashi guda ga kowa.

Majalisar da ke jan ragamarta tana da kujeru huɗu masu ƙuri'a: ɗaya ta gundumar, ɗaya ta Seattle, ɗaya ta biranen gabas biyar, ɗaya ta biranen kudu biyar. Akwai wasu kujeru biyu, ta wakilin shugabannin ƴan sanda da ta wakilin ɓangaren kashe gobara, waɗanda ke zama a ji ta bakinsu amma ba sa kaɗa ƙuri'a. Ƙa'idar yanke shawara kuwa ita ce sai bakin huɗun ya zo ɗaya. Idan aka cije, yarjejeniyar ta tanadi matakan sasantawa, har da kawo mai shiga tsakani.

Duk wanda ya dubi alƙaluma zai ga wannan rabo bai bi yawan jama'a ba. Seattle na da mutum wajen dubu 737, kusan kashi ɗaya cikin uku na gundumar, amma ƙuri'arta ɗaya ce, daidai da ta biranen gabas waɗanda duka-duka ba su kai mutum dubu 400 ba. Sauran birane 28 ba su da kujerar kansu. Da yawa daga cikinsu dama hayar ƴan sanda suke yi daga ofishin tsaron gundumar, don haka ta bakin gundumar ake jin su. Kujerun hoton tsoffin masu hanyar ne su huɗu. Kowannensu ya sallama turakunsa da ma'aikatansa da ikon yanka farashi, kuma abin da ya karɓa a madadi shi ne tabbacin cewa ba za a taɓa yanke hukunci a bayan idonsa ba.

Tsarin yana da nauyin tafiya, domin wakili guda na iya tsayar da kasafin kuɗi. Sai dai da an ce rinjaye za a bi gwargwadon yawan jama'a, da Seattle da gundumar sun isa su yanke komai su biyu, kuma babu magajin garin da zai miƙa kayan garinsa a kan wannan sharaɗi. Inda tsarin ya fi rauni shi ne wajen kujeru biyun nan marasa ƙuri'a. Masu ɗaukar oba-oba su shiga wuta, waɗanda suka fi kowa sanin lungun da sadarwa ke yankewa, shawara kawai suke bayarwa. Hujjar da ake kafawa ita ce zaɓaɓɓu ne ke amsa tambayar masu biyan haraji, don haka su ya kamata su riƙe lalitar.

Gina rijiya daban, sayen guga daban

Wanda ya taɓa ganin famfon burtsatse da aka buɗe da kiɗa, bayan shekara biyu kuma ya tsaya saboda ba a san wanda zai sayi ƙaramin ƙarfen da ya karye ba, ya riga ya fahimci sauran labarin. Harajin 2015 na gini ne: turaku kimanin 60, kayan ɗakunan karɓar kira, da sabbin oba-oba fiye da dubu 17 da aka raba wa hukumomi a madadin tsoffin nasu. Kuɗin yau da kullum, wato albashin masu gyara, hayar filaye, wuta, man inji da sabunta manhaja, daga aljihun masu amfani yake fitowa. Kowace hukuma tana biya gwargwadon yawan oba-oban da take da su a kan hanyar da yawan teburan sadarwa da ke ɗakinta. Ban da jami'an tsaro da na agaji, akwai makarantu, asibitoci da hukumomin ruwa da ke kan hanyar, kuma shigarsu na rage wa kowa nauyi.

Daidaita farashi na nufin wanda a da yake biyan kaɗan zai ga ƙari. Shi ya sa aka ware wani kaso na harajin don sassauta wannan ƙari a shekarun farko, kada ƙaramar hukuma ta wayi gari kasafinta ya yi tsalle. Biyan kuɗi a kan kowane oba-oba yana da wani amfani kuma: yana hana hukuma tara na'urorin da ba ta buƙata. Amma yana iya sa hukumar da ke cikin matsi ta rage har da waɗanda take buƙata.

Aikin bai ƙare a lokacin da aka tsara ba. Samun izinin filaye, musamman a kan tsaunuka da cikin dazukan gwamnati inda dusar ƙanƙara ke taƙaita watannin aiki, ya ja lokaci, sai a 2023 aka kammala. A tsawon wannan jinkiri dole aka ci gaba da lallaɓa tsohuwar hanyar, shekaru bayan wa'adin da kamfanin ya bayar.

Yadda wasu suka yi

Faransa ta bi ta sama ne. Gwamnatin tsakiya ce ke da hanyar da ƴan sanda ke amfani da ita da sunan ACROPOL, ƴan kwana-kwana kuma da sunan ANTARES, yayin da jandarmomi ke da tasu mai suna RUBIS. Hukumomin kashe gobara na jihohi, waɗanda jihohi da kananan hukumomi ke ɗaukar nauyinsu, suna biyan kaso duk shekara don gudanar da hanyar, alhali manyan shawarwari a Paris ake yanke su. Wani rahoton Majalisar Dattawan ƙasar na 2016 ya soki shirin ANTARES a kan tsada da wuraren da sadarwa ba ta kaiwa. A 2023 aka kafa hukumar ACMOSS don gudanar da sabuwar hanya ta bai ɗaya da za ta hau kan layukan kamfanonin salula, tare da bai wa jami'ai fifiko.

Ga mazauna bakin iyaka, misalin Norway da Suwidin ya fi kusa da rayuwarsu. Iyakar ƙasashen biyu ta haura kilomita 1,600, kuma a wurare da dama motar asibiti ko ta kashe gobara mafi kusa tana ɗaya tsallaken ne. Ba su haɗa baitulmali ba, ba su kuma kafa hukuma guda ba. Kowace ta riƙe hanyarta, Nødnett a Norway da Rakel a Suwidin, kowace tana biyan tata. Abin da suka yi shi ne ƙulla hanyoyin biyu, ta yadda tun 2017 jami'in da aka ba izini zai tsallaka iyaka da oba-obansa, ya yi magana da takwarorinsa na can, bai kuma yanke da ɗakinsa na gida ba. Daga baya Finland ta shigo da tata hanyar mai suna Virve. Abin da ya sauƙaƙa hakan shi ne dukansu a kan ƙa'ida guda suka gina, wato TETRA ta Turai. Duk da haka sai da aka zauna aka tsara waɗanne jami'ai za a bari su shiga, kuma a wane rukuni za a haɗu.

Bayan harajin ya ƙare

An fara karɓar harajin PSERN a 2016, shekarar ƙarshe kuma ita ce 2024. Hukumar da ke riƙe da hanyar ba ta da ikon ɗora wa kowa haraji, kuɗin masu amfani kawai take da shi. Oba-oban da aka raba kyauta sun zama mallakin hukumomin da suka karɓa, kuma su ne za su sayi madadinsu idan sun tsufa, alhali guda ɗaya na irin wanda ɗan kwana-kwana ke shiga wuta da shi yana kai dubban daloli. Tun da kusan lokaci guda aka raba su, kusan lokaci guda za su tsufa.

Tsohuwar hanyar ta yi aiki daga 1997 zuwa 2023, shekara 26. Idan lokacin sabunta wannan ya yi, zaɓi biyu ne a gaban kujerun huɗu: ko su riƙa ƙara wani abu a kan kuɗin wata suna ajiyewa tun yanzu, wanda zai fito daga kasafin ƴan sanda da na ƴan kwana-kwana, ko kuma su koma wurin majalisar gundumar su nemi ta sake kai maganar gaban masu zaɓe karo na uku.